Alec Guinness

Sir Alec Guinness (2 ga Afrilu, 1914 – 5 ga Agusta, 2000) ɗan wasan kwaikwayo ne ɗan ƙasar Ingila, wanda ya shafe sama da shekara 60 yana wasa a dandamali, da fina-finai, da talabijin. Ya ci kyautar Oscar ta gwarzon jarumi da fim ɗin The Bridge on the River Kwai na shekarar 1957, sannan Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba shi muƙamin Sir a 1959. A zamaninsa an san shi da iya sauya kama da murya, har ya taɓa fitowa a matsayin mutum takwas cikin fim ɗaya.

Sai dai akasarin masu kallo na yanzu sun san shi ne da sunan Obi-Wan Kenobi, dattijon malamin yaƙi a fina-finai uku na farko na Star Wars, waɗanda suka fito a 1977 da 1980 da 1983. Wannan rawa ta kawo masa dukiyar da bai taɓa samun irinta ba, amma ta danne sauran ayyukansa a idon jama'a, abin da ya dame shi har ƙarshen rayuwarsa. Yadda aka ɗauke shi aikin, da cinikin da ya yi, da jan ƙafar da ya yi kafin ya yarda ya dawo a fim na biyu, suna cikin misalan da aka fi kawowa idan ana maganar dangantakar ɗan wasa da fim ɗin da ya yi farin jinin da ya wuce tsammani.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a unguwar Maida Vale ta birnin Landan. Sunan da aka rubuta a takardar haihuwarsa shi ne Alec Guinness de Cuffe, kuma an bar gurbin sunan uba ba kowa. Mahaifiyarsa ita ce Agnes Cuff. Shi Guinness ya yi imani cewa mahaifinsa wani ma'aikacin banki ne ɗan Sikotilan mai suna Andrew Geddes, wanda ya biya masa kuɗin makarantar kwana, yana kuma ziyartarsa lokaci-lokaci a matsayin kawu. A 1919 mahaifiyarsa ta auri wani hafsan soja mai suna David Stiven, auren da bai daɗe ba kuma yaron bai ji daɗinsa ba. Saboda haka ya tashi yana amsa sunayen dangi har uku, sai da ya kai shekara 14 sannan ya zauna a kan Guinness.

Ya yi karatu a makarantun kwana biyu a kudancin Ingila, wato Pembroke Lodge da Roborough ta garin Eastbourne. Da ya bar makaranta ya kama aiki a wani kamfanin talla a Landan yana rubuta kalaman tallace-tallace kan ɗan ƙaramin albashi, wanda yawancinsa a tikitin gidajen wasan kwaikwayo yake ƙarewa. Ya ɗauki darasi wajen 'yar wasa Martita Hunt, daga nan ya shiga makarantar koyon wasa ta Fay Compton.

Wasan dandamali

Ya fara hawa dandamali a matsayin sana'a a watan Afrilun 1934, yana ɗan shekara 20, a wani wasa mai suna Libel. A wannan shekarar ce John Gielgud, wanda yake cikin manyan 'yan wasan Ingila na lokacin, ya ba shi ƙaramar rawa ta Osric a wasan Hamlet na Shakespeare. A 1936 ya shiga ƙungiyar gidan wasa na Old Vic, kuma a 1938, yana da shekara 24, ya fito a matsayin Hamlet ɗin kansa a ƙarƙashin jagorancin Tyrone Guthrie, a wani shiri da 'yan wasa suka sa tufafin zamani maimakon na da.

A 1939 ya mayar da littafin Charles Dickens mai suna Great Expectations wasan dandamali, ya kuma taka rawar Herbert Pocket a ciki. Cikin waɗanda suka kalli wasan akwai wani matashi mai aikin tace fim, David Lean, wanda daga baya ya zama daraktan da sunansa ya fi haɗuwa da na Guinness.

Bai bar dandamali ba ko bayan da ya yi suna a fim. Ya fito a wasan The Cocktail Party na T. S. Eliot a 1949 da 1950. A 1953 shi ne ya buɗe bikin wasannin Shakespeare na garin Stratford a Kanada, inda ya fito a matsayin Sarki Richard na Uku. A 1964 ya ci kyautar Tony a birnin New York da wasan Dylan. Ba kullum yake dacewa ba: Hamlet ɗin da ya shirya da kansa a 1951 da Macbeth na 1966 duk sun sha suka wajen masu sharhi. Wasansa na ƙarshe a dandamali shi ne A Walk in the Woods, wanda aka rufe a Landan a 1989.

Yaƙin Duniya na Biyu

A 1941 ya shiga rundunar sojan ruwa ta Birtaniya a matsayin ƙaramin soja, aka ba shi muƙamin hafsa a 1942. Ya jagoranci jirgin sauke sojoji a gaɓar teku lokacin da dakarun ƙawance suka mamaye tsibirin Sisili na Italiya a 1943, daga baya kuma ya riƙa kai kayayyaki ga mayaƙan sa-kai na Yugoslabiya masu yaƙi da Jamus. A tsakiyar yaƙin an ba shi hutu na ɗan lokaci domin ya fito a wasan Flare Path na Terence Rattigan a New York.

Fina-finai kafin Star Wars

Babbar rawarsa ta farko a fim ita ce Herbert Pocket ɗin nan, a fim ɗin Great Expectations da David Lean ya yi a 1946. Shekara biyu bayan haka Lean ya ba shi rawar Fagin, tsohon ɓarawo mai horar da yara sata, a fim ɗin Oliver Twist. Kwalliyar fuskar da aka yi masa, musamman ƙaton hancin, ta jawo zargin cin mutuncin Yahudawa. An yi zanga-zanga a Balin a 1949, kuma ba a nuna fim ɗin a Amurka ba sai 1951 bayan an yanke wasu wurare.

Daga nan ya yi jerin fina-finan barkwanci a kamfanin Ealing. A Kind Hearts and Coronets na 1949 ya fito a matsayin mutum takwas 'yan gida ɗaya, har da mace guda, waɗanda wani ɗan'uwansu mai neman gado yake so ya kawar. The Lavender Hill Mob na 1951 ya sa an zaɓe shi cikin masu takarar Oscar karo na farko. A shekarar ce kuma ya yi The Man in the White Suit, labarin wani masanin sinadarai da ya ƙirƙiro yadin da ba ya datti kuma ba ya tsufa, masu masaƙu da ma'aikata suka haɗa kai suka yi masa taron dangi don kada kasuwarsu ta mutu. Wannan shi ne karonsa na farko a fim mai ɗauke da almarar kimiyya, shekara 26 kafin Star Wars.

Fim ɗin da ya kai shi ƙololuwa shi ne The Bridge on the River Kwai, wanda aka ɗauka a Silon, wato Siri Lanka ta yanzu. Ya fito a matsayin Kanar Nicholson, hafsan Birtaniya da Japanawa suka kama, wanda tsananin riƙo da ƙa'ida ya kai shi ga gina wa abokan gaba gada mai inganci. Shi da Lean sun yi ta saɓani a kan yadda ya kamata a nuna halin kanar ɗin, amma fim ɗin ya ci kyautar Oscar bakwai, ciki har da tasa.

A 1958 ya rubuta labarin fim ɗin The Horse's Mouth da kansa, ya kuma ja ragamarsa. An ɗauko labarin ne daga littafin Joyce Cary, marubucin da ya taɓa aikin mulkin mallaka a Arewacin Nijeriya, ya riƙe ƙasar Borgu, kuma shi ne ya rubuta Mister Johnson. Guinness ya ci kyautar gwarzon jarumi a bikin fina-finai na Venice da wannan fim, rubutun kuma ya shiga takarar Oscar.

A Lawrence of Arabia na 1962 ya fito a matsayin Yarima Faisal, ɗan Sharif Husaini na Makka, wanda daga baya ya zama sarkin Iraƙi. Ya ce ya ɗauki salon furucin da ya yi amfani da shi ne daga abokin aikinsa ɗan Masar, Omar Sharif. Ya sake aiki da Lean a Doctor Zhivago na 1965 da A Passage to India na 1984, wanda ya cika fim na shida da suka yi tare. A na ƙarshen ya fito a matsayin malami Ba'indiye, rawar da ta sha suka, shi kansa ma bai gamsu da ita ba. A yau ana kawo irin waɗannan rawa a matsayin misalin tsohuwar al'adar ba Turawa matsayin Larabawa da Indiyawa alhali akwai 'yan wasan waɗannan ƙasashe.

Ya taɓa aiki a Afirka ta Yamma. Fim ɗin The Comedians na 1967, wanda aka gina kan littafin Graham Greene game da ƙasar Haiti a zamanin mulkin Duvalier, an ɗauke shi ne a Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu. Cikin abokan wasansa a fim ɗin akwai James Earl Jones, wanda bayan shekara 10 ya zama muryar Darth Vader.

Yadda aka ɗauke shi a Star Wars

Almarar kimiyya nau'in ƙagaggen labari ne da ake ginawa kan tafiya sararin samaniya, da wasu duniyoyi, da na'urorin da ba a ƙirƙiro ba tukuna. A adabin Hausa, littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, yana cikin wannan sahu. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanonin fim na Amurka ba su ɗauki irin wannan labari a matsayin abin da zai yi babban ciniki ba, manyan 'yan wasa kuma ba sa rububinsa.

George Lucas, wanda ya rubuta Star Wars kuma ya ba da umarni, ya zaɓi matasa da ba a san su sosai ba su riƙe manyan gurabe uku: Mark Hamill a matsayin Luke Skywalker, Carrie Fisher a matsayin Gimbiya Leia, da Harrison Ford a matsayin Han Solo. Kamfanin 20th Century Fox da ya zuba kuɗi yana son a sa wasu sanannun fuskoki, labarin ma yana bukatar dattijo mai kwarjini. An yi tunanin jarumin Japan Toshiro Mifune, amma a ƙarshe gurbin Obi-Wan ya faɗa hannun Guinness, Peter Cushing kuma ya samu na kwamandan abokan gaba.

Rubutun labarin ya iske shi ne a ƙarshen 1975 a Los Angeles, yana tsakiyar aikin fim ɗin Murder by Death. Bai ga ƙimar maganganun da aka sa a bakin 'yan wasa ba, kuma a wasiƙunsa ga abokai ya kwatanta labarin da tatsuniyar yara marar kan gado. Amma ya lura cewa ya kasa ajiye takardun sai da ya kai ƙarshe, ya ga labarin yana fifita gaskiya kan zalunci, kuma ya san darajar fim ɗin Lucas na baya, American Graffiti. Ya amince bayan an ninka tayin farko, da sharaɗin ba za a sa shi yawon tallar fim ɗin ba, da kuma kaso 2 cikin 100 na kuɗin da zai shigo wa Lucas daga fim ɗin.

An fara ɗauka a watan Maris na 1976 a hamadar kudancin Tunisiya, daga baya aka koma ɗakunan ɗaukar fim na Elstree kusa da Landan. Guinness ya cika shekara 62 a lokacin aikin. Obi-Wan tsohon mayaƙi ne na ƙungiyar Jedi da ke ɓoye a wata duniya mai hamada, sanye da doguwar riga mai kama da alkyabba, yana riƙe da takobin haske, shi ne kuma ya fara koya wa Luke amfani da wani ɓoyayyen ƙarfi da ke ratsa dukkan halitta. Lucas da matasan 'yan wasan sun sha yabon natsuwarsa da ladabinsa a wurin aiki, a lokacin da ruwan sama da lalacewar na'urori suka hana ruwa gudu, ma'aikata da yawa kuma ba su yarda fim ɗin zai kai labari ba.

A rubutun farko Obi-Wan bai mutu ba. Ana cikin aiki aka sauya, aka sa ya bari Darth Vader ya sare shi domin matasan su tsira. Akwai ruwayoyi biyu kan wannan. Lucas ya ce shawararsa ce, domin dattijon ba shi da abin yi a ƙarshen labarin, kuma Guinness ya ji haushi da farko. Guinness kuwa, a wata hira ta 1999, ya ce shi ya kawo shawarar, ya ƙara da cewa ya gaji da furta kalaman da ba ya so.

Fim ɗin ya fito ranar 25 ga Mayu, 1977, ya kuma zarce Jaws ya zama fim mafi ciniki a tarihi zuwa lokacin. Gab da fitowarsa Lucas ya yi masa alkawarin ƙarin rabin kaso ɗaya da baki, amma da aka zo rubutawa, furodusa Gary Kurtz ya sa rubu'i, jimilla ta tsaya a kaso 2.25. Ko a hakan ma ya samu miliyoyin daloli. An sa shi takarar Oscar ta mataimakin jarumi, kuma shi kaɗai ne ɗan wasan da ya taɓa shiga takarar Oscar saboda rawa a fina-finan Star Wars.

Fim na biyu da na uku

Nasarar fim ɗin ta sa dole a yi masa ci gaba, abin da masu fim a Kano ke kira kashi na biyu. Lucas ya ɗauki nauyin kuɗin da kansa, ya ba Irvin Kershner umarni, Leigh Brackett da Lawrence Kasdan kuma suka yi rubutu. Babbar matsalar ita ce tattaro 'yan wasan. Hamill da Fisher suna da yarjejeniyar dawowa, amma Ford bai ɗaure kansa ba, fim-fim yake sa hannu. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka ƙare The Empire Strikes Back da daskarar da Han Solo, domin a samu mafita idan bai dawo a na uku ba.

Matsalar Guinness iri biyu ce. Ta farko a cikin labarin take: an riga an kashe malamin, ɗalibin kuwa bai gama karatu ba. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro Yoda, ɗan ƙaramin tsohon malami, wanda mutum-mutumi ne da Frank Oz yake motsawa yana yi masa murya. Wanda ya ƙera fuskar Yoda, Stuart Freeborn, shi ne ya yi wa Guinness kwalliyar Fagin shekara 30 da suka wuce. Obi-Wan kuma aka mayar da shi kurwa mai haske da ke bayyana ga Luke, ta tura shi wajen Yoda, daga baya ta gargaɗe shi kada ya bar horo bai kammala ba.

Ta biyu ita ce lafiyarsa da ra'ayinsa. Yana fama da ciwon ido, an kuma hana shi tsayawa cikin haske mai ƙarfi irin na fitilun ɗaukar fim. An fara aiki a Norwe a watan Maris na 1979 ba tare da tabbacin zai zo ba, har aka yi tunanin ba wani gurbin. Lucas ya nace, aka rage masa aikin, aka daidaita a ƙarshen Agusta. Ranar 5 ga Satumba, 1979 ya je Elstree ya gama nasa cikin 'yan sa'o'i, a kan kaso 0.25 cikin 100 na cinikin fim ɗin. A littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum ya nuna cewa abin bai burge shi ba, amma ganin alherin da ya samu ta hannun Lucas, ba zai iya ƙin amsa kira ba. Fim ɗin ya fito a watan Mayun 1980.

Ya sake dawowa a Return of the Jedi na 1983, wanda Richard Marquand ya ba da umarni. A nan ne kurwar Obi-Wan take bayyana wa Luke dalilin da ya sa ta ɓoye masa cewa Darth Vader mahaifinsa ne.

Ra'ayinsa da na abokan aikinsa

Ba shi kaɗai ne yake da abin faɗa ba. Ford ya yi ƙorafi a gaban Lucas cewa kalaman sun fi sauƙin rubutawa a kan furtawa, ya kuma nemi a kashe Han Solo a fim na uku, buƙatar da ba a biya masa ba sai a 2015. Fisher ta sa hannu tana da shekara 19 ta sallama haƙƙin amfani da kamanninta a kayan wasan yara da sauran kayan sayarwa, abin da ta riƙa ambata daga baya cikin raha da nadama. David Prowse, wanda ya sa rigar Darth Vader, bai ji daɗin maye muryarsa da ta James Earl Jones ba, shi kuwa Jones ya nemi kada a sa sunansa a fina-finai biyu na farko domin yana ganin aikinsa ƙari ne kawai. Billy Dee Williams, baƙar fata na farko da ya samu babban gurbi a jerin, a matsayin Lando, ya ba da labarin yadda yara suka riƙa tsare shi suna tuhumarsa da cin amanar Han Solo.

Abin da ya bambanta Guinness shi ne ya shigo da suna da aikin shekara 40 a bayansa. Bai ƙi Lucas ba, kuma da ya kalli fim na farko ya yaba kyan hotonsa da ƙwarewar da aka zuba. Ya kuma yi godiya a fili cewa kuɗin sun raba shi da bashi, sun ba shi damar rayuwa cikin rufin asiri da ƙin duk aikin da bai kwanta masa ba. Abin da ya ƙi shi ne yadda masoya fim ɗin suka mayar da shi kamar aƙida, suna aiko masa da wasiƙu kamar shi ne Obi-Wan ɗin da gaske. A ƙarshe ya daina buɗe irin waɗannan wasiƙu. A littafinsa na 1999 ya ba da labarin wani yaro a San Francisco da ya ce ya kalli fim ɗin fiye da sau 100. Guinness ya roƙe shi ya yi alkawarin ba zai sake kallo ba, kuma bisa ga yadda ya ruwaito, yaron ya fashe da kuka, mahaifiyarsa ta ja shi suka tafi cikin fushi.

Talabijin da ayyukan ƙarshe

A watan da ya yi aikin sa'o'in nan a Elstree, BBC ta fara nuna Tinker Tailor Soldier Spy, shiri mai kashi bakwai daga littafin John le Carré, inda ya fito a matsayin George Smiley, tsohon jami'in leƙen asiri mai ƙarancin magana da ke farautar maci amana a cikin hukumarsa. Domin shirin rawar, le Carré ya haɗa shi da Maurice Oldfield, tsohon shugaban hukumar leƙen asirin Birtaniya ta ƙetare. Wannan ma an yi masa ci gaba, Smiley's People na 1982, kuma a duka biyun ya ci kyautar BAFTA ta gwarzon jarumin talabijin. Masu sharhi da yawa suna lissafa Smiley cikin mafi kyawun ayyukansa. Fim ɗin Little Dorrit na 1987 ya sake kai shi takarar Oscar. Ya rubuta littattafai uku kan rayuwarsa: Blessings in Disguise a 1985, My Name Escapes Me a 1996, da A Positively Final Appearance a 1999.

Iyali da addini

Ya auri Merula Salaman, 'yar wasa kuma mai zane, a 1938. Sun haifi ɗa guda, Matthew, a 1940, wanda shi ma ya zama ɗan wasa. Matthew ya kamu da shan inna yana ɗan shekara 11, ya kuma warke. Wannan, tare da wani abu da ya faru a Faransa lokacin ɗaukar fim ɗin Father Brown na 1954, inda wani yaro ya gan shi cikin rigar limamin coci ya kama hannunsa ba tare da tsoro ba, suna cikin abubuwan da ya ce sun ja shi zuwa ɗarikar Katolika. Ya shiga ɗarikar a 1956, matarsa ta biyo shi a 1957. Sun zauna a ƙauyen Steep Marsh kusa da garin Petersfield, nesa da hayaniyar Landan da Hollywood.

Mutuwa

Ya mutu ranar 5 ga Agusta, 2000 a wani asibiti a garin Midhurst na kudancin Ingila, yana da shekara 86, sakamakon ciwon dajin hanta. An binne shi a Petersfield. Matarsa ta mutu a watan Oktoba na shekarar. A 2003 Piers Paul Read ya wallafa tarihin rayuwarsa da izinin iyalinsa, a 2013 kuma Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya sayi wasiƙunsa da littattafan da yake rubuta al'amuran yau da kullum.

Bayan mutuwarsa

Tun yana raye aka ba Ewan McGregor rawar Obi-Wan na ƙuruciya a The Phantom Menace na 1999, kuma McGregor ya nazarci tsofaffin fina-finan Guinness domin ya kwaikwayi muryarsa. Bayan kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a 2012, an yi amfani da muryar Guinness a The Force Awakens na 2015: an yanko wani yanki na kalmar da ya taɓa furtawa, aka mayar da shi sunan sabuwar jarumar, Rey. A 2016 kuma aka sake ƙera fuskar Peter Cushing da kwamfuta a fim ɗin Rogue One, shekara 22 bayan mutuwarsa. Waɗannan abubuwa sun tayar da muhawara kan wanda ya mallaki murya da kamannin ɗan wasa bayan ya bar duniya, kuma batun neman izini kafin a kwafi ɗan wasa da na'ura yana cikin manyan dalilan yajin aikin 'yan wasan Amurka na 2023.

Kyaututtuka da karramawa

1955: Lambar girma ta CBE
1958: Oscar ta gwarzon jarumi, da kyautar gwarzon jarumi ta bikin Venice
1959: Muƙamin Sir
1964: Kyautar Tony
1980: Oscar ta girmamawa kan ayyukan rayuwarsa
1989: Babbar lambar girmamawa ta BAFTA
1994: Lambar Companion of Honour